Langa Guda a Jeren Nana Hauwa

Mainasara kafinta ne a Bodinga, amma tun da samarin garin suka fara gajerun finafinai na waya, shi ke shirya musu wuri. Ido gare shi mai tsiya. Ya taɓa tsayar da ɗauka wuni guda saboda bokitin roba ya leƙo a labarin zamanin kakanni.

Da Zayyanu darakta ya nemi ɗakin matar ƙauye na shekarun baya, Mainasara ya karɓi aikin. Ɗaki ɗaya ya sani, na marigayiya matarsa Nana Hauwa, kuma shekara tara ke nan yana marmarin sake ganinsa. Kayan jerenta kuwa gado ya warwatsa su.

Ya hau babur, ya bi gidajen magadan. Ya aro tasoshi a Danchadi, fayafai a Dingyaɗi. Langunan, wato kwanonin nan masu murfi, suna Horo Birni ta Shagari, wurin Uwani yayar marigayiyar, wadda ta ce ƙafarta ƙafar kayanta, ta ɗare bayan babur da buhu a cinya.

Ya yi wa bango farar ƙasa, ya kafa gadon ƙarfe, ya jera komai har sama. Zayyanu ya yaba. Mainasara dai ya tsaya bakin ƙofa, zuciyarsa ba ta motsa ba. Kayan nata ne, amma ɗakin kamar rumfar kasuwa.

Uwani ta leƙo, ta taɓe baki.

"Mi kay yi nan, Mainasara? Yaushe jeren Hauwa yat taɓa cika hakanga?"

"Na ƙirga, Yaya. Ba wanda yaɓ ɓace."

"Shi na kuskurenka. Kullum guda na waje, ta kai ma wani gida tuwo."

Ta miƙa hannu ta zare langa ɗaya daga tsakiya, ta bar gurbin. Mainasara ya dubi wurin, ya zauna bakin gado. Ji ya yi kamar yanzu Nana Hauwa za ta ɗaga labule ta shigo da langar, tana mita an tsare ta da hira. Kewarta ta kama shi.

Washegari ya mayar wa kowa kayansa. A fim ɗin, ɗakin bai wuce daƙiƙa shida ba, shi ma a bayan 'yar wasa. Masu kallo ba su lura da gurbin ba. Mainasara kuwa, duk sanda ya ajiye zarto ya ɗauki waya, daidai nan yake tsayar da hoton.