Wayar Mardiyya a Kan Gora

Atine da mijinta Gado Hausawa ne mazauna Gadarif a ƙasar Sudan, jikokin alhazan da suka yada zango a hanyar Makka har suka zama 'yan gari. Gado na auna dawa da riɗi a kasuwar hatsi, ita kuma tana toya kisra, fanken dawa mai faɗi kamar faifai, tana sayarwa a ƙofar gida. Mardiyya ce 'yarsu ta biyu. Tana ƙarama shan inna ya kama ƙafafunta, ta tashi a kan keken guragu. Ta yi firamare da ƙwazo har malamai na misali da ita, amma sakandare na can bayan gari, kuma da damina baƙar ƙasar Gadarif kan zama taɓo mai riƙe taya, ko jaki sai ya yi da gaske. Bayan an sha fama ta haƙura, ta zauna gida tana ɗinkin kayan yara.

Ta kusa talatin, a ƙarshen zamanin gwamnatin soja ta Inkaz, ƙawarta Amal ta ba ta labarin wata ustaza a Khartoum mai koyar da lissafi ta intanet ga masu son rubuta jarrabawar shahadar sakandare daga gida. Yayanta Abdurrahim, mai tuƙa tarakta a gonakin Fashaga, ya samo mata tsohuwar kwamfuta.

Ranar farko manhajar da za a yi darasin ta ƙi buɗewa, sai wani rubutu na Turanci. Atine ta ɗauka kuka za a yi, har ta fara shirya kalaman lallashi. Mardiyya kuwa ƙamus ta jawo, ta bi rubutun kalma-kalma har ta gane cewa takunkumin da aka sa wa ƙasar ne ya toshe hanya. Ta buga wa Amal, aka turo mata wata 'yar manhaja mai ɓad da sawu, wadda ke nuna kamar daga wata ƙasa mutum yake. Hanya ta buɗe.

Ba a jima ba wata matsalar ta taso. Duk ranar da aka ɗauke kahraba, wato wutar lantarki, kwamfutar ta mutu, in an kunna sai shafin ustaza ya ƙi karɓarta. Ta yi kwanaki tana lura, ba ta ce wa kowa komai ba. Wata safiya Atine na gaban murhu ta ji ta tana dariya ita kaɗai.

"Inna, zo ki gani. Abin nan mantuwa yake yi. Da wuta ta tafi sai ya koma shekarar da aka ƙera shi, shi ya sa ba a gane shi."

Ta gyara kwanan wata, shafi ya buɗe nan take. Ta sa Gado ya sayo ɗan batir mai kama da maɓalli, ta kwance cikin kwamfutar da sukundireban keken ɗinkinta ta canza shi. Atine na tsaye kanta tana salati a zuci, tana kallon yatsun da ta sani da zare da allura suna yawo cikin hanjin inji ba ko rawa.

Saura babbar: shabaka, wato sabis ɗin intanet. Muryar ustaza na zuwa a gutsure, hoto ya daskare baki buɗe. Mardiyya ta yi ta zagaya tsakar gida da kekenta, waya a sama, tana kallon sandunan da ke nuna ƙarfin shabaka. Ta lura ko kamu ɗaya ta ƙara ɗaga hannu sai su motsa. Gado ya hau rufin rumfa da wayar, ya ce can sun cika taf. To amma lokacin darasi yana kasuwa, gwiwoyin Atine ba na hawa ba ne, mai karatun kuwa ba a magana.

Mardiyya ce ta tsara komai tana zaune. Ta sa aka kafa doguwar gora a gindin rumfa, aka ɗaura ƙaramar tayar tsohon kekenta a samanta, aka ratsa igiya kamar ta guga. Ta ɗinka wa wayar jaka, ta yi mata 'yar malfa ta kaba don rana kan gasa ta har ta kashe kanta. Ta kunna rabon intanet daga waya zuwa kwamfuta, ta ja igiya, jaka ta yi sama tana lilo.

Sai ga murya ta cika ɗaki tar, kamar matar na zaune bakin gado. Ta kira sunan Mardiyya, ta kira wani a Nyala, wata a Port Sudan, duka suka amsa. Atine ta tsaya bakin ƙofa tana saurare, har kisra ta ƙone ba ta sani ba. Ustaza ta tambayi abin da ya canja yau. Mardiyya ta juya idon kwamfutar waje, ta nuna mata gorar. Matar ta ce a ajiye lissafi tukuna, Mardiyya ta koya wa ajin yadda ta yi.

Da lokacin jarrabawa ya zo, a raksha, babur mai ƙafa uku, aka riƙa kai ta. Ta ci, kuma lissafi ne ya fi kowane darasi kyau. Ta nemi jami'a ta karatu daga gida aka ɗauke ta. Matan unguwa suka fara zuwa da wayoyin da suka ƙi aiki, tana duba musu tsakanin ɗinki da darasi.

Abu ɗaya ne ya ƙi zama a kan Atine: yadda magana ke saukowa daga kan gora ta shiga ɗaki ba tare da wani zare ba. Ta tambaya, Mardiyya ta yi mata bayani da Hausa, ta sake da Larabci. Atine ta saurara har ƙarshe, ta gyaɗa kai, ta ce ikon Allah ne, kuma ta gode masa da ya sa a gidanta ta gani. Daga nan ta roƙi a bar ta ita ta riƙa jan igiyar.