Yadda Hular Baduku Ta Koma Hagu

Da kakar geron bana shekara goma sha ɗaya ke nan tun da aka ɗauki maigidana daga gidanmu na Gecheme aka kai shi makwancinsa. Ni ban yi lakkwal ba, wato makarantar boko. Jikata Zalika ce ke riƙe da bik tana rubuta abin da nake faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. Sunansa na yanka ba zan faɗa ba. Shekara arba'in da wani abu muna tare bakina bai kama shi ba, ba kuwa yau zan fara a gaban masu karanta jarida ba. Baduku ake ce masa, don aikin fata ya gada, da wannan sunan za ku san shi.

Har yau ina kukansa, ba na ɓoyewa. Matan unguwa sun ce ya isa haka, na ce da su kowa ya san inda takalminsa ke matsa masa, ni kuwa wanda ke gyara mini nawa ne ya tafi. Amma labarin da na kira yarinyar nan ta rubuta, dariyarsa ta fi hawayensa yawa.

Baduku bahago ne. Da hagu yake riƙe wuƙa, da hagu yake ɗinki, a kumatun hagu yake ajiye goro, in ya ɗora jar hularsa kuma hagu take karkata. Yana da ƙane, Tankari, wanda suke ciki ɗaya, kamarsu kamar an tsaga kara. Shi na dama ne, hularsa dama take kallo. A kasuwa da hula ake rarrabe su tun daga nesa. Ina amarya na taɓa durƙusa wa Tankari na miƙa masa fura da hannu biyu, ya shanye tas sannan ya ce a gai da maigida. Tun daga ranar ba mu taɓa haɗuwa ba mu yi faɗan wasa ba. Yana nan da ransa, yanzu ma ya kai shekarun da yayansa ya rasu a kansu.

Hoton Baduku ɗaya ne a duniya, na jikin kartinsa na ɗan ƙasa. Na naɗe shi a tsumma na sa a ƙasan akwati. Shekara uku da suka wuce na buɗe, na tarar gara ta riga ni. Ta bar hatimin hukuma, ta cinye mutumin. A lokacin na ce ba komai, ai yana cikin kaina. Ashe kan ma yana da garar da ke cinsa. Bara ina tankaɗe sai na nemi fuskarsa, ta ƙi zuwa. Muryarsa na nan, tarinsa na safe na nan, har warin jima da ke jikin rigarsa ina ji, amma in na kai ga fuska sai in ga hazo. Wannan ya fi mutuwar tasa tsorata ni, don ita mutuwa ba ni na yi ta ba, mantuwa kuwa sai na ga kamar ni ce nake sake binne shi. Ban gaya wa kowa ba.

Ina mamakin abin da zai ce da zamanin nan, da ko akuya aka saya sai an ɗauke ta hoto a salula. Na san dai zai ce duk wanda yake buƙatar hoto kafin ya gane akuyarsa, to ba tasa ba ce.

Ana nan Zalika ta zo hutun damina. Ɗiyar ɗana ce da ke kasuwanci a Dogon Dutsi, tana karatun zane a Yamai. Uban ya so ta karanci likita, ita ta ce hannunta ba can yake ba. Abin da ake koya musu a shekarar shi ne a sassaƙa zane a kan katako, a shafa masa tawada, a kifa takarda a kai a goge bayanta, sai zanen ya tashi ya hau takardar. Katako ɗaya ya haifi takarda goma, duk kamarsu ɗaya. Malaminsu ya ce kowa ya koma garinsu ya nemo launi daga abin da ƙasarsu ke fitarwa, ban da na kanti.

Wata guda gidana bai zauna lafiya ba. Ta dafa zoɓo, ya yi ja gwanin kyau da safe, kafin la'asar ya koma kamar ruwan wanki. Ta tauna goro ta tofa a kasko. Ta kwaɓa lalle, ta kankare baƙin gindin tukunyata, ta sace mini ludayi biyu. Buhunan siminti da maƙwabcinmu ya zubar ta tsinto, ta ɓare takardar ciki ta shanya a kan danga. Wani bugu da ta yi da kuka da garin rogo ya fito da kyau har ta yi rawa, sai akuya ta bi ta cinye shi. Na ce to, an dai samu mai son aikinki.

Baƙi ne ya gagare ta. Ta ji labarin kuloko, baƙin da dukawa ke rina fata da shi, ta je maƙera ta samo kashin ƙarfe ta jiƙa da ruwan tsamiya. Ta shafa a takarda, ya fito fari-fari kamar fitsarin jaki. Ina zaune ina kallo har ta kusa kuka, sannan na ce ta je ta roro mini bagaruwa. Shekara nawa ina daka wa Baduku ita? Kuloko ba ya baƙi sai ya haɗu da bagaruwa, shi ya sa yake kama jemammiyar fata. Muka daka, muka tace, na zuba mata cikin kaskon. Tana kallo ruwan ya rine ya yi baƙi ƙirin. Muka ƙara ƙaro don ya yi kauri. Ja kuwa na nuna mata karan dafi da 'yar kanwa. Ta rubuta komai a kaye, littafinta na makaranta, tana ce mini furofesa. Na ce tsohuwar zuma ai da ita ake magani.

A ranar, muna wanke hannu, bakina ya suɓuce na gaya mata zancen fuskar. Washegari ta fara yi mini tambayoyi: yaya hancinsa, yaya gemunsa, ina hular ke kallo. Tana da shekara tara ya rasu, abin da take tunawa kaɗan ne. Sauran ta riƙa leƙen Tankari a ɓoye in ya zo wucewa. Ta samo guntun tsohuwar ƙofa ta yi kwana huɗu tana sassaƙa. Na duba katakon na ga hula a hagu, goro a hagu, na yi murna ƙwarai.

Ta shafa tawada, ta kifa takarda, ta goge da bayan ludayi, ta ɗaga a hankali. Sai ga Tankari. Hula a dama, kumatun dama a kumbure, yana kallona kamar zai ce a kawo fura. Ashe abin da ke hagu a katako, dama yake komawa a takarda. Ta ce tun ranar farko malaminsu ya gargaɗe su, har sunanta da ta sassaƙa a ƙasa ta juya shi yadda ya kamata, hular ce ta manta.

Ba a rufe baki ba sai ga Tankarin da kansa ya yi sallama. Ya ɗauki takardar, ya nisanta ta da ido, ya matso da ita.

"Matarmu," in ji shi, "ashe shekara hamsin ni kike so, kika yi ta ɓoyo? Da kin faɗa tun can ai da na gyara gemu."

Na ce masa ko garar da ta cinye hoton yayansa, in aka ba ta wannan tofar da shi za ta yi. Ya ce a ba shi ya kai wa iyalinsa. Muka yi ta dariya, Zalika ma ta yi. Amma da ya fita na shiga ɗaka na yi kuka na gaske, don kama da wane ba wane ba ne, kuma na ga kamar an kawo mini shi bakin ƙofa an juya da shi.

Yarinyar ce ta biyo ni da dabara. Ta ce tunda takarda juya abu take yi, to a daina leƙe. A zaunar da Kaka Tankari a gabanta, ta zana shi a katako daidai yadda yake, da hularsa ta dama. Takarda da kanta za ta mai da shi bahago. Sai dai ƙofar nan ta ci tsatsa da ƙusa, tana tsagewa, tana buƙatar icce mai kyau da ya bushe shekara da shekaru. Tana faɗa tana kallon bayan gadona.

Na san abin da take kallo. Katakon da Baduku ke yanka fata a kai ne. Tun da ya rasu ban bari kowa ya taɓa shi ba, ko 'ya'yansa. Fuskar katakon duk sawun wuƙarsa ne, dubu bisa dubu. In ta sassaƙa ta ɓata, na rasa fuska na rasa katako. Kwana biyu ina juya abin. Sai na tuna shi kansa bai taɓa ajiye fata mai kyau don tsoron kada wuƙa ta karkace ba, cewa yake fatar da ba a yanka ba ta ɓera ce. Na ciro shi na ba ta. Ta ce za ta yi a bayansa mai santsi. Na ce a'a, ta yi a inda ya yi aiki.

Tankari ya zauna mana kwana uku a gindin bedi, wato dogon yaro, daga hantsi zuwa azahar. Sharaɗinsa fura da nono kullum, kuma ni zan dama. Ba ya iya zama shiru. Ya ce wuyansa ya ƙage, ya ce amaryarsa, wato Zalika, ta rage masa tsufa, ya ce ko gwamna bai taɓa zama haka ba. Ni kuma ina bayanta ina gyara. Na ce ta matse idon kaɗan, don yayansa ya saba ƙanƙance ido wurin zura zare. Ban san na tuna wannan ba sai da na ji bakina ya faɗa. Daga nan abubuwa suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, har da 'yar tsagar da ke leɓensa.

Na ɗinka mata ɗan ƙunshin auduga a cikin ragowar fatarsa, da shi ta riƙa dangwalo tawada tana bubbuga katakon. Hular ta yanko ta daban daga sakaina, ta buga ta da jan karan dafi. Ta ɗaga takardar. Shi ne. Hula a hagu, ido a ƙanƙance. Kuma duk sawun wuƙar nan sun fito farare, siri-siri, sun ratsa goshinsa da kumatunsa da rigarsa, kamar yana leƙowa ta cikin aikin hannunsa.

Tankari ya karɓa ya daɗe yana kallo. Na jira ya yi tsiyar da ya saba.

"Yaya ne," in ji shi.

Ya miƙo mini, ya sa takalmi ya fita. Ranar ce kaɗai a saninmu ya bar fura a ƙwarya.

Ta buga guda bakwai. Ɗaya ta kai wa malaminsu, ya ce ta zo da furofesan ya gan ta, na ce in yana son bagaruwa ya zo Gecheme. Ubanta, wanda tun da ya shiga sahun masu wa'azin birni ba ya son hoto a bango, ya yi 'yan gunaguni, sannan ya naɗe guda ya sa a jaka, wai sawun wuƙar yake so. Zalika ta ce mai aiki yakan sa hannu a ƙasan bugu, kuma tawadar tawa ce. Na dangwala babban yatsa na danna kusa da sunanta. Na ce ashe ni ma na daɗe ina wannan sana'a a wurin zaɓe, ba wanda ya ce mini gwana.

Da Baduku zai ga jikarsa ta je har Yamai an turo ta ta dawo ta koyi kuloko, na san sai ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. Ya mutu yana cewa takalmin roba ya kashe dukanci, ba wanda zai gaje shi. 'Ya'yansa kuwa ba wanda ya riƙe wuƙa. Bai san gadon zai tsallake su ya faɗa hannun 'yar da ke wasa da guntayen fata a ƙafarsa ba. Na tabbata kuma zai duba aikin ya ce jan ya yi ruwa, a ƙara kanwa.

Takalman da ya ɗinka duk sun ƙare, kuben wuƙaƙe sun tsufa a ƙugun mutane. Abin da ya rage shi ne baƙin da ya koya mini ban san ina koyo ba, da sawun hannunsa a icce, da ƙanen da yake bin sa da kama. Takardar da ke ɗakina ta fara koɗewa wajen hular, don ja ba ya jure rana. Zalika ta ce kada in damu, katakon na nan, duk ranar da ya dushe za ta sake bugawa. Na mai da shi bayan gadona, wannan karon fuskarsa na kallon ɗaki.

Allah Ya jiƙan Baduku, Ya yalwata masa makwanci, Ya sada mu da alheri. In ranar ta zo ba na tsoron in wuce shi a cikin taro. Hagu zan duba.