Hannu Biyu a Ambulan Harlan

Lorna Zastrow ba ta taɓa riƙe wani muƙami ba. Shekara talatin da ɗaya tana dafa wa 'yan firamaren garinmu abincin rana, har ta yi ritaya da ciwon gwiwa da wata murya mai ratsa bango. Rabin magidantan garin nan ta taɓa tsare su a tebur sai sun cinye wakensu. Manyan jam'iyyu biyu gare mu, ja da shuɗi. Ita a siyasa 'yar shuɗi ce tun daga kan ubanta, leburan kamfanin takarda. Ni kuwa Bernice, ja ce gaba da baya, kuma ban taɓa ba kowa haƙuri a kan haka ba.

Doka ce ta haɗa mu. A nan Wisconsin, kafin kowane zaɓe akawun gari kan tura mutum biyu gidan tsofaffi da jakar ƙuri'u, saboda waɗanda ba sa iya fita. Ɗaya ja, ɗaya shuɗi. Mota ɗaya, ɗaki ɗaya, kuma kowace ambulan sai mun sa mata hannu mu biyu, in ba haka ba ba za a ƙirga ta ba. Shekara ashirin da biyu muna wannan aiki, ni da mota, ita da kek ɗin tuffa a cinya. Tana shigowa za ta ce, "Ɓarauniyar ja, an tashi lafiya?" Ni kuma in ce, "Lafiya lau, ɓarauniyar shuɗi, ɗaura bel." A lokacin wasa ne.

A zaɓen da ya wuce, ɗana Kurt ya ɗauki hotonta ta taga, ta riƙe hannun wata makauniya tana kai mata biro kan takarda. Ya watsa a waya, ya rubuta wai ga yadda ake sace ƙuri'ar tsofaffi. Ina cikin ɗakin nan, hoton ne bai kamo ni ba. Da kunnena na ji matar ta faɗi sunan da take so har sau uku. Amma na yi gum. Shi kaɗai gare ni, matarsa ta tafi a watan, kuma mutanen da suke yaba masa a waya su kaɗai ke sauraronsa. Uzuri dai ba ya ƙarewa in mutum yana nema. Aka yi ta kiran Lorna ana zagi, aka watsa wa akwatin wasiƙunta fenti. A coci ta canza benci, shekara biyu ko gaisuwa babu tsakaninmu.

Mijinta Harlan mai kiwon shanun madara ne, ja irina. Shekara arba'in da takwas suna zuwa rumfar zaɓe a mota ɗaya, yana cewa, "Taso mu je mu kashe wa juna ƙuri'a." Bai taɓa fashi ba tun da ya isa jefawa. A bazarar bana ɓarin jikinsa ya shanye, aka kai shi gidan tsofaffin nan na bakin tafki. Hannun dama ya mutu, na hagu sai rawa, kansa kullum kaɗawa yake, ba ka bambance e da a'a. Maganarsa kuwa duk duniya Lorna kaɗai ke ganewa. Likita bai ɓoye mata ba, wannan ne zaɓensa na ƙarshe.

Ga zaɓen rabin wa'adi ya taho, na gwamna da 'yan majalisa, gari ya ɗauki zafi ana farkon sanyi. Kowace ƙofa da allon ɗan takararta, maƙwabci ba ya ɗaga wa maƙwabci hannu. Ka kunna talabijin a ce maka ƙasa za ta rushe, ka canza tasha a ce za ta rushe ta ɗaya gefen. Wallahi na gaji, kowa ya gaji. Rabin ma'aikatan zaɓe sun ajiye aiki don tsoro. Sai akawun gari ta kira ni ta ce ba ta da kowa sai mu biyu.

Na ce, "Lorna ta yarda a haɗa ta da ni?"

Ta ce, "Cewa ta yi Harlan zai yi zaɓe ko da shaiɗan aka haɗa ta."

Na ce to, shaiɗan zai zo ƙarfe tara.

Ranar Talata da safe ta shigo mota da jakar ƙuri'u, babu kek, babu gaisuwa. Rediyo na tallan wani ɗan takara, ta miƙa hannu ta kashe. A ƙofar gidan tsofaffin muka tarar da Kurt da kati a wuya, jam'iyya ta turo shi sa ido. Doka ta ba shi dama ya bi mu ɗaki ɗaki, ya tsaya daga bakin ƙofa. Ya ce, "Ina kwana, Gwaggo Lorna." Ta dube shi kamar yadda take dubansa in ya ɓoye wake a aljihu, ta wuce.

Ɗakin Harlan ne na shida. An sa masa rigarsa ta zuwa coci, an taje masa kai. Lorna ta zauna bakin gado, ta ce, "To maigida, a zo a kashe mini ƙuri'a." Ta karanta sunayen masu neman gwamna, ya yi wani gunaguni, ta cike masa gurbin wanda ya zaɓa. Ta karanta na gaba, ta cike. Duk inda ya saba, ba ta ko ɗaga kai ba.

Da aka zo kan ɗan majalisa, ya yi magana, biron ya tsaya.

"Me ka ce?"

Ya maimaita, jijiyar wuyansa ta tashi. Rantsuwar aiki ta hana ni faɗin suna, kuma ba zan faɗa ba. Zan dai ce ba can Harlan ya saba sa biro ba shekara hamsin.

Lorna ta juyo, karon farko cikin shekara biyu ta kalle ni ido da ido. "Bernice, kin ji abin da ya ce?"

"Ban ji ba." Gaskiya ce. Na duƙa na karanta masa sunayen da kaina, kansa ya ci gaba da kaɗawa, ban tsinci komai ba.

Daga ƙofa Kurt ya ce, "Mama, in ba ki ji ba, kada ki sa hannu."

Na ga biron yana zamewa zuwa inda Harlan ya saba, inda ba wanda zai zarge ta. Matar da ba ta taɓa rage wa yaro cokali ɗaya ba, ga ta tana shirin yi wa mijinta ƙarya don ta tsira da sunanta. Sai kuma ta janye, ta ce a hankali, "Zan bar layin haka nan. Ba zan iya sake shekara biyu irin waɗancan ba." Harlan ya buga ƙarfen gadon da hannunsa mai rawa, hawaye na bin gefen hancinsa. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba, don na san ni na kai ta nan.

Na ce, "Kurt, buɗe kunnenka. Ranar da ka ɗauki hoton nan ina cikin ɗakin. Matar ta faɗi suna sau uku, na ji, na yi shiru don kai. Shekara ashirin da biyu ban taɓa ganin Lorna ta karkatar da biro ba." Na juya gare ta. "Cike abin da mijinki ya ce. Zan sa hannu."

Ta cike, ta nuna wa Harlan, ya lumshe ido. Ta liƙe ambulan ta sa hannu, na sa nawa a ƙasa. Kurt ya rubuta wani abu a littafinsa, bai bi mu ɗaki na bakwai ba.

A mota ta daɗe tana kallon tafkin. Can ta ce, "Shekara biyu, Bernice."

"Na sani."

"Shekara arba'in da takwas ina lallashin mutumin nan ya dawo gefenmu, bai yarda ba sai yau da ba mai jin sa sai ni." Ta fyace hanci. "Saura ɗaki tara ranar Alhamis. Ki zo da wuri, kuma ki sa a gyara hitar motar nan, sanyi nake ji."

Yau zaɓe saura kwana goma sha biyu. Ban san wa zai ci ba, ni dai ja zan jefa kamar kullum, kuma duk wanda ya ci, washegari rabin gari zai tashi da fushi. Kurt bai zo cin abincin Lahadi ba, ba ya ɗaga wayata.

Waccan Alhamis ɗin Lorna ta shigo mota da kek a cinya. Ba ta ce mini ɓarauniya ba tukuna. Ta miƙo mini rabi a naɗe daban, ta ce, "Wannan na Kurt ne. Tun yana aji biyu yake son gefen da ya ƙone."

Yana nan a firji, na canza masa takarda sau biyu.