Hoton Katekis Bulus a Bango, Hausarsa a Waje

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Bulus, katekis ɗin ƙaramar cocinmu ta Lagdo. A cikinsu kwamitin coci bai taɓa tuna ranar ba sai bana. Kwatsam ga shugaban kwamitin a ƙofar gidana a Garwa, yana ta washe baki: za a yi addu'ar Mas domin marigayi, a kafa hotonsa a bango. Na yi godiya, amma raina bai kwanta ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Yaya Bulus ne ya tsaya kai da fata har aka ba masu jin Hausa Mas tasu ta Lahadi da safe. Kowace Asabar yakan je wurin mata masu bandar kifi, ya karanta musu Bisharar gobe cikin hayaƙi. Inda suka yamutsa fuska, ya san maganar ba ta shiga ba, sai ya sake ta. Wannan shugaban kuwa shi ke cewa a wancan lokacin wai coci ba kasuwa ba ce.

Na bincika. Ashe an shirya haɗe Mas ɗin Hausa da ta Faransanci daga wannan ranar, wai don haɗin kai. Fulatanci zai sami karatu ɗaya, Hausa waƙa ɗaya. Ban ce Fada, limamin cocin, ya san da wata manufa ba, baƙo ne. Amma in ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Da Yaya na nan, da ya tambaye su, cikin sanyin nan nasa mai ban haushi, haɗin kai da wa.

Na je, don ba na ƙin addu'a. An yabe shi da Faransanci mai daɗi, aka yi tafi. Ina zaune ina auna abin da ya rage nasa: hoton zai daɗe, matan kuwa bakinsu na motsi da addu'o'in da ya koya musu, ƙasa-ƙasa kamar masu laifi. Wannan ya fi mini ciwo.

Da muka fito, matar Yaya, wadda ta yi shekara talatin tana wanke masa rigar hidima, ta riƙo hannuna.

"Ladi, ni dai sunansa kawai na ji. Me suka ce ya yi?"