Bangon da Maƙwabcina Ya Raba Biyu

Maƙwabcina ya sa an sassaƙe bangon da ke tsakanina da shi, aka cinye rabin kaurinsa da guduma, ina can Kwali wajen ta'aziyya. Bai tambaye ni ba, bai ko aiko ba. Abin da ya yi mini ke nan, kuma zan rubuta shi yadda ya faru. Aji huɗu na yi a firamare, wanda yake neman daɗin rubutu ya nemi wani.

Gidajenmu shida ne a jere, manne da juna kamar taragon jirgi. Tsofaffin kwatas ne na ƙananan ma'aikata, tun Abuja tana daji aka gina su. Jan bulo ne gasasshe, ko filasta babu a waje. Kowane gida ɗaki biyu ne da ɗan falo, kicin da banɗaki a baya, sai tsakar gida da ba ta wuce igiyar shanya ɗaya ba. Nawa shi ne na huɗu. Ba zan yi ƙarya ba, ya tsufa. Bulon ƙasa-ƙasa ya fara zagwanyewa saboda danshi, kwano ya yi tsatsa, silin kuwa duk tabon ruwan damina ne. Matakalar ƙofa ta lotsa a tsakiya don taku. Amma bango bai taɓa tsagewa ba, ko da ta zare ɗaya.

Na san dalili, don kafin in zama direba a ma'aikata leburanci na yi, kuma da kaina na ɗauki bulon irin waɗannan gidaje. Ba bango biyu ba ne aka jingina. Layi ɗaya a miƙe ake jera shi, layi na gaba a gicciye, yadda bulo ɗaya kansa yana ɗakina, gindinsa yana ɗakin maƙwabci. Shi ke ɗaure ginin. Sannan akwai ƙaton katako da ya ratsa daga gida na ɗaya har na shida, rufinmu duka a kansa yake, shi kuma a kan waɗannan bangaye yake zaune.

Da farar hula suka dawo mulki aka sayar wa kowa gidan da yake ciki. Na sami nawa. Tsohon masinjan da ke gida na biyar ya sayar da nasa ya koma ƙauye, sai wani mataimakin darakta ya saya, ya tare da matarsa da yara uku kafin ya gama babban gininsa. Matashi ne mai tabarau, mai gaisuwa. Sahu ɗaya muke sallah.

Kwana uku na yi a Kwali. Na dawo bayan azahar, na tarar da maiɗakina zaune a waje, katifa da tukwane a gabanta. Na ce lafiya? Ta ce, "Shiga ka gane wa idonka."

Na shiga ɗakina. Tsaga ce daga silin har ƙasa, hannuna ya shige cikinta. Silin ya yi ciki ya sauko. Ƙofar ɗakin ta ƙi rufuwa. A daidai kan gadona bulo ɗaya ya faɗo, kuma ta ramin ina kallon fankar maƙwabci tana juyawa. Fankar wani, daga kan gadona! Salati kawai nake yi. Na zauna a ƙasa cikin jar ƙura.

Da na tashi na zagaya gidan maƙwabcin nawa. Birkila na samu, guduma a hannu, ya fasa kowane bulo na gicciye biyu. Na ce, "Kai, wa ya sa ka?"

Ya ce, "Oga ne. Ya ce bangon yana da kauri da yawa, rabi nasa ne, a cire durowa ta shiga."

Durowar kaya. Don ita aka yi haka.

Ban ci abinci ba, na hau mota sai kasuwar katako ta Dei-Dei. Na sayo katako biyu masu kauri, na tokare babban katakon rufi ta cikin ɗakina. Ina dukan na biyu ina jin ginin yana ƙara. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, damina ta kusa.

Sai washegari bayan la'asar na kama maƙwabcin nawa yana fitowa daga mota. Ya ce, "A'a, Malam, ya hanya? Ya ƙarin haƙuri?"

Na ce, "Oga, zo ka ga ɗakina."

Bai zo ba. Ya buɗe mota ya ɗauko tef ɗin awo, yana murmushi. Ya ce, "Malam, na auna da kaina. Inci tara ne, huɗu da rabi nawa, huɗu da rabi naka. Ko inci ɗaya ban shiga naka ba. Tsagar kuwa ƙaramin abu ne, zan sa a shafe maka da siminti, har fenti zan yi maka."

Na tsaya ina kallonsa. Mutumin da ya yi digiri biyu, yana sa hannu a takardun ƙasa, ya ɗauka bango burodi ne da za a yanka biyu kowa ya ɗauki nasa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ba mugunta ba ce, har zuciyarsa ya yarda yana da gaskiya.

Na ce, "Oga, riƙe fentinka. Yaranka uku a ƙarƙashin katakon da nake kwana suke kwana. Yau abin da ya hana shi saukowa a kansu katako biyu ne, kuma a cikin inci huɗu da rabi nawa suke tsaye, ni na sayo su. Ka kawo jan bulo, a rushe bangon nan a sake ɗaure shi a gicciye yadda aka same shi, ni zan tsaya a kan aikin. In Juma'a ta zo ba a fara ba, zan fitar da iyalina, in ƙwanƙwasa maka ƙofa ka fitar da naka, sannan in zare katakona. Sai rabinka ya riƙe maka rufinka."