Ɓarawon Haruffa

Tun yana saurayi Desmond Tregear yake rubuta allunan shaguna a garin Broken Hill. Haruffansa masu ƙiba ne, rawaya da jar inuwa, wutsiyoyinsu a naɗe. Masu sayar da kifi da askirim su suke rububin aikinsa. Da ya tsufa, sai Noel mijin 'yarsa ya kwafi haruffan a kwamfuta, ya raɗa musu sunan kansa yana sayarwa.

"Zamani ne, Baba," in ji Noel.

"Zamanin uwarka! Kai da ko layi ba ka iya ja ba?"

Washegari Desmond ya rubuta ƁARAWO a katangarsa mai kallon shagon Noel, kowane harafi tsayin mutum. Har ya mutu, duk shekara sai ya sabunta fentin.