Motar da ba ta sallama

Na tsayar da motar a ƙofar gidanmu a Tsibiri, dab da tabarmar Baba, amma bai ko juyo ba.

Baba ya daɗe ba ya gani. Da ƙarar tsohuwar motata yake gane zuwana. Tun ina kan kwana yake cewa a kawo ruwa, Sani ya iso.

Wannan kuwa ta kuran ce, wato mai aiki da lantarki, babba, mai kujerun fata. Okaziyo, ta hannu ke nan, na saye ta a Maraɗi don ta kwashe iyalina duka. Ba ta shan esansi, ba ta ƙara, kuma shirun nan dillali ya fi yaba mini.

Na taɓa kafaɗarsa, ya firgita har carbinsa ya faɗi.

"Da ƙafa ka zo?"

"A'a Baba, ga motar nan gabanka."

Ya shafa ta, ya sa albarka. Sannan ya ce, "To ni yanzu me zan riƙa saurare?"

Yanzu tun daga kwana nake danna oda. Ya ce ai kowa ma yana da oda.

Ku da me tsofaffinku ke gane kun iso?